Malamin Shawara Ba Mai Cike Gurbi Ba Ne

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi aikin ba ɗalibai shawara a makarantun Najeriya. Amma a makarantun gwamnati da dama, in ma akwai malamin shawarar, an mai da shi mai cike gurbi: a ɗora masa darasi, a miƙa masa bulala. Wane yaro ne zai kai kukansa wurin wanda ya zane shi da safe? Babban aikinsa yana ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai, wasu kimiyya, wasu kasuwanci. Yarinyar da ke burin zama likita, in aka tura ta ajin da ba a koyar da fiziks da kemistiri, sai ranar cike fom ɗin JAMB za ta gane bakin alƙalami ya bushe.

Wasu za su ce makarantar da yara ke zaune a ƙasa, ina ita ina ofishin shawara, ai ga iyaye. Kujeru kam dole ne. To amma uban da bai taɓa ganin fom ɗin nan ba, me zai ce kan haɗin darussa? Ɗalibar da wani malami ke takura wa kuwa, kunya kan hana ta faɗa a gida. Ɗaki mai ƙofa malamin shawara yake buƙata, da sa'o'in da ba a cika masa da darasi ba.