Yadda muka je neman gonarmu cikin marka

Shugaba, iyayenmu mata, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da suka bar mu muka fito, da 'ya'yanmu da ke can baya suna ta ƙiriniya, barkanmu da zagayowar wannan rana.

An ce mu da muka je ganin gona mu tashi mu yi bayani, tunda kuɗin na kowa ne. Mai ƙosai ta zuba, mai mazarƙwaila ta zuba, mai daddawa ta zuba, adashin shekara da shekaru muka haɗa wuri ɗaya. To ga abin da muka gano.

Kun san da rani aka yi ciniki. Lokacin daji fayau yake, wakilanmu suka hango gonar tun daga nesa, aka biya, shaidu suka sa hannu, dagaci ya buga hatimi. Mu kuma muka ce sai mun taka ta a watan Agusta, tsakiyar marka, don mai sayen hatsi ba ya tsayawa a bakin buhu, sai ya zura hannu ƙasa. Mu 7 muka tafi. 'Yan Kudan da Hunkuyi suka yi sammako, muka haɗu da su a Makarfi, na Ikara suka tarye mu a hanya.

Mota ta sauke mu a bakin titi. 'Yan acaɓa suka dubi taɓon, suka dube mu, suka ce ko nawa za mu ba su ba sa shiga. Sai ƙafa. Ba mu yi nisa ba hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, kafin mu gama shawarar komawa ruwa ya tsuge. Muka naɗe buhunan da muka zo da su muka kifa a ka irin na manoma, silifas a hannu, takardar gona cikin leda biyu a ƙarƙashin hijabi. Wallahi mun fi jin tsoron jiƙewarta fiye da tamu.

Abin da ba a gaya wa mutum shi ne hanyar rani ba ita ce ta damina ba. Inda aka ratsa da babur a watan Maris, yanzu an nome shi. Masara da dawa sun fi mu tsawo, ba ka ganin gabas balle yamma. Sau biyu muna dawowa gindin tsamiya ɗaya. Ɗan rafin da aka ce ana tsallake shi da taki ɗaya ya kawo mana gwiwa, muka riƙe hannun juna muka haye, Hajiya babba a tsakiya tana ta salati.

A wata bukkar masu gona muka fake, muka fito da takardar. A nan ne fa karatun yamma ya yi rana. Shekara 3 da suka wuce yawancinmu dangwale muke yi, a karanta mana mu ce to. Ran nan da bakinmu muka karanta, muka sake karantawa: gabas gonar wane, yamma rafi, kudu burtali, arewa ɗorawa. Shi ke nan. Babu awo, babu taki nawa. Kuma wanen da aka rubuta a gabas Allah ya yi masa rasuwa, magada sun raba gonarsa uku. Wani dattijo da ya fake tare da mu shi ya ji sunan, ya ce ai ya san wurin. Da ruwa ya tsagaita ya shige gaba har gindin ɗorawar, ya nuna mana layin gamba da aka yi iyaka da shi tun zamanin iyayensa. Ya ƙi karɓar ko goro. Allah ya saka masa da alheri.

Gonar tana nan, kuma gona ce mai kyau. Samanta jigawa ce, ruwa ba ya kwanciya, za ta yi masara da waken suya. Ƙasanta wajen rafi kuwa laka ce baƙa, mun tsaya a ciki ruwa har idon sawu. Wasunmu suka ɓata rai, 'yan Makarfi suka yi dariya, suka ce wannan ai fadama ce, wurin shinkafa da rake, a garinsu irinta ake rububi. Da rani babu wanda zai ce akwai ta a wurin.

Sai dai ruwan ya nuna mana abin da ba mu so ba. A kusurwar da burtali ya haɗu da rafi kwazazzabo ya fara cin gonar, muna tsaye ƙasa tana zubewa. In aka bar shi damina biyu zai tafi da kunyoyi masu yawa. Daga gabas kuma kunyar maƙwabci ta ƙetare gamba ta shigo mana. Ba mu ce da gangan ba ne, gona ta kwana biyu babu mai ita a kusa. Ba mu taɓa ko kara ɗaya ba, mun dai kai maganar gun mai unguwa, ya ce a bari a yi girbi a zauna. Burtali kuwa hanyar shanu ce, ba za mu ci ko taki ɗaya daga cikinsa ba, kada mu jawo wa kanmu rigima da makiyaya.

Akwai maganar ɗorawa. A ƙasar nan ana sayar da gona mai ita ya ce itacen nasa ne, kuma takardarmu ba ta faɗi komai a kanta ba. Masu daddawa, kun san abin da kalwa take yi a kasuwa. Dole a koma gun mai sayarwa da shaidu a rubuta.

Takardar da ke hannunmu shaidar ciniki ce. Tun dokar ƙasa ta 1978 filaye suna hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma a jiharmu hukumar KADGIS ce ke ba da takardar mallaka. Muna so a kawo safiyo ya auna, a kafa alamun siminti, takarda ta fito da sunan ƙungiya, ba da sunan ɗayarmu ko mijin ɗayarmu ba. Yau muna nan, gobe magada ne.

Taki ma sai an kai shi kafin ruwa ya zauna, don mota ba ta shiga bayan haka. Kwazazzabon kuma ba zai jira kaka ba. Ranar Asabar mai zuwa za a yi gayya, a jera buhunan ƙasa, a dasa gamba tun ƙasa tana da danshi. Mazajenmu da samarinmu, muna roƙo ku zo da fartanya da shebur, abinci namu ne. 'Yan matanmu ma su zo su ga iyaka da idonsu. Kuɗin safiyo kuwa ma'aji tana bakin ƙofa da littafi, kowa ta rubuta sunanta da hannunta.