Kafin Mu Sayi Kyamara: Jawabi a Taron Ƙungiya na Shekara



An nemi in tofa albarkacin bakina kan shawarar da ke gaban kwamitin ilimi, wato sayen kyamarar bidiyo domin makarantar sakandaren garin nan. Ina goyon bayan manufar, amma ina da ja a kan abin da za a fara saya.

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kyamara ita ce jari. Daga baya al'amari ya sauya. Kamfanin Apple ya fito da manhajar iMovie a 1999, Microsoft ya biyo da Movie Maker a 2000, sai aikin haɗa fim ya sauko kan kwamfutar gida. Yau wayar da ke aljihun yawancinmu ta fi kyamarar wancan zamani kyan hoto, kuma manhajoji irin su Shotcut da Kdenlive kyauta ake sauke su.

Ɗaukar hoto ba shi ne karatun ba. Karatun yana wajen tacewa, kuma ba ta hukumar tace finafinai nake nufi ba. A makarantar da nake koyarwa na taɓa tura 'yan aji uku marina. Suka dawo da hoton minti 40, na ce minti 5 nake so. A nan aka yi ta ta ƙare. Wannan ya ce a fara da haɗa baba da toka da katsi, waccan ta ce a'a, a fara da lokacin da zane ya fito daga rijiyar rini kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, domin mai kallo ya tambayi dalili. Neman dalilin ya kai su ga malamin kimiyya, suka koyi aikin iskar oksijin ba tare da an ɗaga bulala ba. Sai da suka rubuta bayanin sau huɗu kafin ya dace da hoton, yaran da a da insha'in shafi ɗaya ke gagararsu.

Kuskurena shi ne ban tanadi makirfo ba. Inda tsohon marinin ya jero sunayen kakanninsa da suka haƙa rijiyoyin, kukan iska kawai ake ji. Kafin mu koma, Allah ya yi masa rasuwa. Mu ma nan gida muna da maƙera da majema da masaƙa da shekaru suka ja, 'ya'yanmu na birni kuwa ba su san ko ƙofar gidajensu ba.

Saboda haka roƙona a fara da kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, da sola mai riƙe ta, da ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, da faifan ajiya, domin bidiyo akwai cin wuri. A tura malami ɗaya ya koyo aikin a hutun ƙarshen shekara. Kada a ɗauki yaro, musamman 'ya mace, sai da yardar iyaye a rubuce, kuma kada a ɗora komai a intanet sai shugaban makaranta ya gani. Wanda ke da tsohuwar waya mai lafiya a durowa, ya damƙa wa sakataren kwamiti kafin a watse.