Addini a Ofis: Haƙƙinka da Iyakarka



A ofisoshin Kaduna da Jos da Abuja, Musulmi da Kirista teburi ɗaya suke zama. Wannan ya shimfiɗa darduma a lungu lokacin azahar, waccan ta buɗe Littafi Mai Tsarki kafin ta fara aiki. Ba laifi. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa kowa 'yancin bayyana addininsa, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda shi.

Matsala tana tasowa ne idan ibada ta shiga haƙƙin wani: wa'azi a waya da ƙarfi kowa na ji, ko shugaba ya tilasta wa ma'aikata halartar addu'ar safe, ko a bar jama'a a layi da sunan an tafi salla.

Idan abokin aikinka ya takura maka, ka same shi ku biyu, cikin ladabi, ba a gaban mutane ba. Idan ya ƙi ji, sai ka kai ƙara wurin shugaban sashe. Shugabanni kuma su ware wurin ibada, su tsara karɓa-karɓa ranar Juma'a don kada aiki ya tsaya.

Mu kwana nan.