Sharar Ɗakin Kwamfutoci: Wa Ke Yi, Kuma Yaushe?



Mu da muke taya ma'aikatan ɗakin kwamfutoci aiki, an ɗora mana nauyin amsa ƙorafi biyu da suka taso a zangon da ya wuce. Na farko shi ne rumbun ajiyar kwamfutoci da dama ya cika maƙil, har ɗalibi ba ya iya shiga. Na biyu kuwa, wata 'yar'uwarmu ta ajin ƙarshe ta dawo daga hutu ta tarar babi uku na aikin bincikenta sun salwanta. Wancan ƙorafi na cewa ba a yin shara, wannan na cewa an share abin da bai kamata ba. Amma da muka bi sawu sai muka iske tushensu ɗaya ne.

Kamar yadda wasunku suka sani, ba ɗai-ɗai ake sarrafa kwamfutocin nan ba. Akwai uwar garke guda wadda ke rarraba musu dokoki ta tsarin da kamfanin Microsoft ya raɗa wa suna Group Policy, wanda ya zo tare da Windows 2000. Kowace kwamfuta takan leƙa uwar garke kusan duk bayan minti 90, ta ga ko akwai sabuwar doka. Daga cikin dokokin akwai rubutun umarni da kwamfuta ke bi sa'ad da ta farka, tun kafin kowa ya sa sunansa.

In irin wannan umarni ya ƙi aiki, tambaya uku muke yi. Ta farko: da sunan wa yake gudana? Ma'aikaci yakan gwada shi da hannu ya ga ya yi daidai, ya manta da cewa a lokacin farkawa da sunan kwamfutar kanta ake gudanar da shi. In ba a ba ta izinin karanta wurin da aka ajiye shi a uwar garke ba, shiru za a ji. Ta biyu: ko hanyar sadarwa ta haɗu kafin a nemi umarnin? Akwai dokar da ke tilasta wa kwamfuta ta jira, kuma wajibi ne a kunna ta. Sa'an nan Windows ba ta jiran umarni fiye da daƙiƙa 600, watau minti 10, sai in an ƙara mata wa'adi.

Tambaya ta uku ita ce ta warware mana matsala: shin kwamfutar ta farka da gaske? Mun lura umarninmu yana aiki a ranakun da aka ɗauke wuta ba zato, amma in an kashe kwamfutoci cikin ladabi da yamma, washegari ba abin da ke faruwa. Dalili kuwa shi ne, tun daga Windows 8 ta shekarar 2012, an shigo da dabarar saurin tashi. Wanda ya danna Shut down bai kashe kwamfuta ɗungurungum ba. Tana adana halin da take ciki ne a rumbu, ta ɗora daga nan in an kunna ta. Sai an danna Restart, ko wuta ta yanke, take tashi daga tushe.

To, ina dangantakar wannan da shara? Duk ɗalibin da ya shiga wata kwamfuta, takan buɗe masa jaka tasa ta kansa, wadda ake kira furofayil, inda takardunsa da hotunansa ke taruwa. Tun zamanin Windows Vista akwai dokar da ke goge furofayil ɗin da ya yi wasu kwanaki ba a taɓa shi ba, mu kuwa kwana 30 aka sa mana. Amma ita ma wannan doka sai an tashi daga tushe take aiki. Saboda haka jakunkuna suka yi ta taruwa har rumbu ya cika. Da aka tafi hutun mako shida, aka dawo, wuta ta yanke, sai kwamfutar da 'yar'uwarmu ke aiki a kai ta share kome a tashi ɗaya. Abin da aka goge ta wannan hanya ba ya shiga kwandon shara, balle a je a tsamo shi.

Akwai kuma kuskuren da mu kanmu muka yi, ba za mu ɓoye ba. Da rumbu ya cika, wasunmu sun goge jakunkuna da hannu. Alhali kuwa Windows tana riƙe da sunan kowane furofayil a rajistarta, a wurin da ake kira ProfileList. In an goge jaka aka bar sunan, sau da yawa sai a ba ɗalibi furofayil na wucin gadi, wanda ke ɓacewa da duk abin da ke ciki da zarar ya fita.

Bisa ga haka, muna roƙon hukuma abu huɗu. A kashe saurin tashi a duk kwamfutocin ɗakin. Kowane umarni ya riƙa rubuta ranar da ya gudana da abin da ya goge, domin mai bincike ya haɗa shi da rahoton gpresult ya san gaskiya. A tsawaita wa'adin shara ya wuce tsawon hutu. Sa'an nan a manna sanarwa a ƙofa mai faɗin adadin kwanakin, gama ba adalci ba ne a share wa mutum kaya da dokar da bai taɓa ji ba.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, kwamfutar ɗakin nan aro ce. Kowa ya ajiye aikinsa a filashi, ya kuma tura wa kansa kwafi ta imel kafin ya tashi daga kujera. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Yar'uwarmu ta sake rubuta babi ukun nan cikin wata guda, daga takardun da ta yi da biro, kuma fatanmu ita ce ta ƙarshe da za ta sha wannan wahala.