Daga ganye zuwa kantin magani

Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kayar masa da yaro a Badariya ko fadamun Argungu ya san ƙwayoyin ACT. Asalinsu ganye ne, dangin tazargade. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta bi tsohon littafin Ge Hong na ƙarni na 4, ta tato sinadarin artemisinin daga wannan ganye a 1972. Turawan da suka daɗe suna yi wa maganin Sin kallon camfi, su suka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Ba tsufan littafin ne ya sa aka yarda da maganin ba. Gwadawa aka yi, aka auna abin da jiki zai ɗauka. Mu kuwa mai lasifika ke tallar kwalba ɗaya, wai tana maganin basir da shawara da sanyi, ko lambar NAFDAC babu.

Amma cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa Niprisan, maganin sikila, da tsirrai har da masoro da kanumfari. Me zai hana jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero su zauna da masu maganinmu, a gwada sabara da marke?