Jawabin Magatakardan Liman a kan Jauz da Gyaɗa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malam Liman ya umarce ni in yi muku bayani a kan ɗan itacen nan mai ƙwarya da Larabawa ke kira jauz, Turawa su ce walnat. 'Yan'uwanmu mazauna Mancesta da Bamingam suna ganinsa jibge a kantunan Cheetham Hill da na Alum Rock, musamman da azumi, har wasu sun fara aiko da shi zango suna cewa ya fi gyaɗa.

To, ga abin da masu awo suka samu. Cikin giram 100 na jauz akwai mai giram 65, abin gina jiki giram 15. Gyaɗa kuwa manta giram 49 ne, amma abin gina jikinta ya kai giram 26. Kun ga ke nan a wajen gina jikin yaro mai tasowa gyaɗa ce gaba, ga ta da araha. Inda jauz ya tsere mata shi ne wani irin mai da ake kira omega 3, wanda ke taimakon jijiyoyin jini. Yana da kamar giram 9, gyaɗa kuwa kusan babu. Saboda haka dattijon da ke da hali, ya ci cikin tafin hannu guda a yini, ya isa. Fiye da haka ƙiba ce, gama mai ne tsantsa kusan kashi biyu cikin uku.

Riɗi wanda ba a sussuke ba ya fi su duka abin ƙarfafa ƙashi. Goro dai, ku gafarce ni Alhazai, barci yake korewa, ba ya ƙosarwa.

Sa'an nan fatake, ku saurara da kyau. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila. Da aka bincika, ashe tunkuzar gyaɗa ce daga Barazil wadda ta yi fumfuna. Dafin wannan fumfuna hanta yake ci, kuma suya ba ta kashe shi duka. Gyaɗar da ta sha laima a sito, ko ta yi ɗaci, kada a mai da ita ƙuli-ƙuli don gudun asara, haƙƙin wanda ya ci yana wuyan mai sayarwa. Jauz ma haka, in ya daɗe cikin zafi mansa yakan lalace, sai a ajiye shi wuri mai sanyi.

Masu sayar da tsire da yaji a Ingila kuma, akwai mutanen da ƙwayar gyaɗa ɗaya, ko riɗi, ko jauz, kan toshe musu numfashi har ajali. Tun watan Oktoba na 2021 doka ta tilasta duk abincin da aka ƙunshe a kanti kafin mai saye ya zo, a rubuta abin da ke ciki a jikinsa. Yajinmu da ƙuli-ƙuli ake daka shi, don haka a rubuta gyaɗa ɓaro-ɓaro. Wassalamu.