WAYAR ISKA DA ƘASAR GUMEL A ZAMANIN YAƘIN HITILA

 

Sa'ad da yaƙi ya ɓarke cikin watan Satumba 1939, gidan wayar iska na Ingila, watau BBC, ya kusa shekara bakwai yana aiko da magana ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingilishi. An kafa akwatunan magana a Ikko tun 1935, amma ba su iso Kano ba sai 1944. Su kuwa da waya ake jan su gida gida, wayar kuma iyakarta gari. Saboda haka talakan Gagarawa ko na Sule Tankarkar bai ji muryar Landan da kunnensa ba. Kafin a fara Hausa daga can ma, sai 1957.

To, ta yaya labari ya kai gare shi? Bature ya ji da Turanci, ya gaya wa Sarki Muhammadu na Kota. Sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya tara dagatai, malami ya karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939. Watau bakin ma'aikacin En'e shi ne akwatin maganar talaka.

Wannan aiki ya yi nauyi cikin watan Yuni 1940, da Faransa ta miƙa wuya ga Jamus. Ƙasar Damagaram ta bi gwamnatin da ta miƙa wuyan, har zuwa Nuwamba 1942. Ga Maigatari a bakin iyaka, ga 'yan'uwa ta kowane gefe, ga fatake kowa da irin abin da ya jiyo. Ƙarya kuwa ta fi doki gudu. Uwar da ɗanta ya tafi soja, Habasha ko Bama, ba ta da wurin tambaya sai ƙofar dagaci.

Abin lura a nan shi ne, Landan ba ta ɓoye faɗuwar Faransa ba, ba ta ɓoye faɗuwar Singafo cikin 1942 ba. Lalle akwai abin da aka riƙe don sirrin yaƙi, kuma kowane mai yaƙi gefensa yake yabo. Amma da yake ta faɗi mai ɗaci, ran da ta ce Jamus ta sallama, cikin watan Mayu 1945, sai aka gaskata ta.

Haka al'amarin ma'aikaci yake. Wanda ya ɓoye wa talakawa labarin fari, ko ya rage ƙidayar da ba ta yi masa daɗi ba, ran da ya zo da albishir ba mai yarda da shi. Allah ya sa a riƙe amana, ya ba ƙasar Gumel lafiya. Amin.